Tocilar Kunama da Ganyen Ayaba

A duk layin masu kayan lantarki na kasuwar Gamboru babu wanda ya kai Eugene, Baban Kambili, ɗokin sabon kaya. Idan kwali ya iso masa daga Onica, can kudu, ba ya jira a dire shi. Tun yana kan ɗan dako yake fara tallarsa. Ya taɓa kawo fanka mai fesa ruwa, wadda ta jiƙa masa rabin shago kafin ta sanyaya kowa. Ya taɓa kawo agogo mai kiran salla, sai dai da lokacin wata ƙasa yake kiran. Maƙwabtansa sun daɗe da fahimtar cewa mutumin ba mayaudari ba ne. Matsalarsa ita ce, shi ne farkon wanda ke gaskata duk abin da bakinsa ya faɗa.

A bazarar bana, lokacin da zafi ya kori mutane zuwa kwanan tsakar gida, kunamu kuma suka fito neman nasu rabon, sai Eugene ya samo wata 'yar tocila baƙa mai tsawon tafin hannu. Haskenta dishi-dishi ne, ruwan makuba, ba ya iya nuna wa mutum takalminsa. Amma idan ya sauka a kan kunama cikin duhu, sai ta ɗauki walƙiya daga ƙari har zuwa ƙafafu, kamar an kunna ta daga ciki. Domin tabbatar da haka, Eugene ya ɗauki kunama guda aiki, ya ba ta masauki a cikin kwalba, yana ciyar da ita da kyankyasai.

Abin da tallar ke buƙata kawai shi ne duhu, a garin da rana ba ta yi wa kowa rowa. Wuri mafi duhu da Eugene ya mallaka shi ne siton da ke bayan shagonsa. Rabin siton kuwa na matarsa ne, Felicitas, wadda ke da rumfar ayaba a tsallaken layi. A nan take jera ayabar da ake kawo mata daga kudu, ta lulluɓe ta da buhu har ta nuna. Ta tsufa a wannan sana'a, har yaran da iyayensu suka riƙa saya musu ayabarta sun girma suna kawo nasu yaran.

Ranar Asabar da hantsi Eugene ya tara 'yan kallo ya shiga da su siton. A cikinsu akwai Ajimi mai kankana, wanda rumfarsa ke manne da ta Felicitas, kuma ya daɗe yana ganin cewa da an cire katangar buhun da ke tsakaninsu, kankanarsa za ta fi samun iska. Eugene ya ja ƙofa, ya toshe ƙasanta da tsumma, ya ɗaga kwalbar.

“Jama'a, ku buɗe ido,” in ji shi cikin Hausarsa mai sauri. “Wannan ba tocilar neman akuya ba ce. Wannan, duk abin da ke da dafi ba ya iya ɓuya a gabanta.”

Babu wanda ya gaya masa haka. A nan take jimlar ta zo masa, ya ji ta yi daɗi a baki, ya sake ta. Ya danna maɓalli, kunamar ta haskaka a cikin kwalba, wani dattijo ya yi salati, sauran suka matso har suna taka juna. Daɗi ya kama Eugene. Ya wulwula tocilar sama da ƙasa domin ya nuna cewa bango ba ya haske, buhu ba ya haske, takalmin Ajimi ma ba ya haske. Daga nan hannunsa ya kai kan ayabar matarsa, wadda ta yaye wa buhu da safe domin fitarwa.

Ayabar ta amsa. Kai bayan kai, tun daga ƙasa har saman katako, ta ɗauki wani shuɗin haske mai sanyi, kowane baƙin ɗigo a jikin ɓawon yana zagaye da zobe mai ƙyalli. Abin ya yi kyau ƙwarai, har Eugene ya buɗe baki zai yaba.

“Oga Eugene,” in ji Ajimi a hankali, “ita ma ayabar Madam kunama ce?”

A 'yan watannin nan gidajen rediyo sun yi ta jan kunnen jama'a game da masu nunar da kayan marmari da sinadarin masu walda. Saboda haka babu wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Aka buɗe ƙofa, 'yan kallo suka watse cikin kasuwa kowa da labarinsa, labarin kuma yana ƙara ƙiba a kowace rumfa. A layin masu tumatir an ce ayabar tana haske. Kafin a kai layin masu kifi, an ce tana hayaƙi.

Abin da ya biyo baya ya rikita Eugene, domin arziki da masifa ne suka shigo masa ta ƙofa ɗaya. Shagonsa ya cika maƙil. Kowa na son tocilar da ke tona dafi: matan aure, masu gidajen abinci, har da wani mutum da ya tambaya a asirce ko tana aiki a kan miya. Eugene yana miƙa kaya hannu bibbiyu, sai ya ɗaga kai ya hango tsallaken layi. Rumfar Felicitas babu kowa sai ƙudaje, ita kuma tana tsaye ta harɗe hannuwa a ƙirji tana kallonsa.

Ana cikin haka Alhaji Madu ya iso. Shi ne shugaban ƙungiyar masu kayan marmari, dogon dattijo mai tafiyar ƙasaita, wanda ke da lambu a garin Konduga, kuma ba ya iya zama da mutum ba tare da ya ambaci lambun ba. Aka shiga da shi siton, aka haska masa, ya fito yana share gumi.

“Maman Kambili,” in ji shi, “mun daɗe tare, ban taɓa jin abin ƙi a wurinki ba. Amma na gani da idona.”

“Alhaji, a kawo Littafi Mai Tsarki in dafa,” in ji Felicitas. “Buhu da haƙuri, su ne sinadarina.”

“Rantsuwa tana da wurinta. Sai dai mai gidanki da kansa ya ce fitilar nan dafi take nunawa, kuma ba za a ce yana gaba da ke ba. A rufe rumfar. Bayan la'asar kwamiti zai zauna. Idan ba a kawo bayanin wannan haske ba, za a binne kayan, rumfar kuma ta koma hannun ƙungiya.”

Ajimi ya dubi katangar buhu da idon mai auna fili.

Felicitas ta tsallako layi. A gida da Ibo suke magana, amma idan faɗa ya kai a yi shi a kasuwa, da Hausa take yi, domin maƙwabta su samu damar yin alƙalanci.

“Baban Kambili, sannu da ciniki.”

“Mama, ki saurara, ni ban san cewa...”

“Ka taɓa sanin wani abu kafin ka faɗe shi? Fankarka ta jiƙa mana shago, na yi shiru. Agogonka ya tashi unguwa salla da tsakar hantsi, na ba mutane haƙuri. Yau kuma ni ka haska. Ka ga rumfar can? Da ita na ciyar da Kambili har ta gama makaranta. Idan aka karɓe ta, kai da kunamarka sai ku nemi mai dafa muku abinci.”

Ta juya ta tafi. Eugene ya ja ƙofar shago ya rufe a fuskar masu saye, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka yi gobara a layin baya. Ya san matarsa ba ta sa komai a ayaba ba, domin shi ke taya ta lulluɓawa. Ke nan abin da yake buƙata shi ne wata ayaba wadda kowa ya yarda da tsarkinta, ya haska ta a ga ko ita ma za ta yi haske. Ya bi layin masu ayaba yana roƙo. Abin mamaki, duk mutanen da ɗazu ke rantsuwa da tsabtar kayansu sun lulluɓe su da buhu sun zauna a kai. Babu wanda ya yarda tocilar ta matso kusa da shi.

Sai ya tuna da Ba Kashim. Dattijo ne mai sayar da turaren wuta a unguwar Shehuri, tsohon abokin cinikinsa, wanda duk ƙwan lantarkin gidansa daga shagon Eugene ya fito. A bayan ɗakinsa, inda ruwan alwala ke gangarawa, akwai tushen ayaba da ya shuka da hannunsa, ba ta san taki ba balle sinadari. Eugene ya tare keke mai ƙafa uku, ya ce wa direban ya yi gudu kamar mai kai mace asibiti.

Ba Kashim yana zaune a zaure a kan darduma. Gaisuwar Barebari ba ta san gaggawa ba. Ya ce masa wushe, ya tambayi gida, ya tambayi Madam, ya tambayi Kambili da mijinta, ya tambayi zafi, ya tambayi kasuwa, sannan ya sake komawa kan gida. Eugene yana amsawa yana canza ƙafa kamar wanda ke tsaye a kan garwashi. Da aka kai ƙarshe, ya zazzage labarin cikin numfashi ɗaya, ya roƙi bargo.

“Bargo a wannan zafi?” in ji Ba Kashim. “Eugene, ko dai kai ma a haska ka?”

Duk da haka ya sa aka kawo. Suka zagaya bayan ɗaki, inda ayabar ke tsaye da kai guda yana reto, ɗanye shar. Suka yafa bargon a kansu har da kan ayabar, suka durƙusa a cikin duhu mai warin turare da gumi. Eugene ya yi addu'a a zuci, ya danna maɓalli.

Babu komai. Ayabar ta tsaya baƙa ƙirin kamar gungumen itace. Ya matso da tocilar har tana taɓa ɓawo, ya girgiza ta, ya sake dannawa. Babu ko ɗigon shuɗi.

“To,” in ji Ba Kashim cikin tausayi, “tawa dai ba ta haske.”

Eugene ya zo neman shaidar da za ta wanke matarsa, ga shi ya samo wadda za ta ɗaure ta, kuma da dattijon Shehuri a matsayin ganau. Hannunsa ya saki, tocilar ta sunkuya ƙasa. A nan ne, kusa da gwiwarsa, wani abu ya haskaka.

Wani tsohon ganye ne da ya karye ya rataya a jikin tushen, bargon ya haɗo da shi. Gefensa da ya koma rawaya yana ba da shuɗin haske, irin na siton sak. Wajen jijiyar tsakiya kuwa, inda sauran kore bai gama barinsa ba, duhu ne da ɗan ja-ja a ciki.

“Ba Kashim,” in ji Eugene, “ka sa wa ganyen nan sinadari?”

“In sa wa ganye sinadari in kai shi ina? Wa ke cin ganyen ayaba in ba akuya ba?”

“Baba, lafiya?” wata murya ta tambaya daga waje.

Zainaba ce, 'yar Ba Kashim, wadda ke koyar da ilimin tsirrai a wata kwaleji, ta zo gaida iyayenta kamar yadda ta saba ranar Asabar. Abin da ta tarar shi ne bargo a jikin ayaba da ƙafafu huɗu na maza a ƙarƙashinsa, biyu daga ciki na mahaifinta. Ba Kashim ya leƙo, ya ba ta labarin a taƙaice, ya ce ta zo ta ga ikon Allah. Ya fita ya ba ta wuri, ya riƙe musu gefen bargon. Ta gyara mayafi ta sunkuya, Eugene ya haska ganyen.

Zainaba ta karɓe tocilar daga hannunsa ba tare da neman izini ba, ta bi ganyen da ita daga gefe zuwa tsakiya, ta dawo, ta sake bi.

“Oga Eugene, ka san shekarun da na yi ina zana wannan abu a allo da alli?” in ji ta, tana dariya kamar yarinya. “Na karanta shi, na koyar da shi, na kayar da ɗalibai a kansa, ban taɓa ganinsa da idona ba sai yau, a bayan ɗakin Baba. Ina ka samo wannan tocila?”

“Akwai su da yawa a shago, Ya Zainaba, zan yi miki ragi. Amma don Allah, mene ne wannan? Dafi ne?”

Suka fito daga bargon suna haki. Ta jawo ganyen ta shimfiɗa shi a kan gwiwarta.

“Ka ga wannan koren? Sunansa kulorofil. Da shi ganye ke kama hasken rana ya dafa wa shuka abinci. To idan ganye ya tsufa, shuka ba ta yar da shi haka nan da kayanta a ciki. Kwashewa take yi, kamar mai tashi daga gidan haya. Akwai abinci mai tsada a jikin ganyen, irin wanda manomi ke saye a buhun takin zamani. Sai ta janye shi ta aika wa sabon ganye da 'ya'ya.”

“Wato har ayaba ta san tattali,” in ji Ba Kashim. “Ban da 'ya'yana.”

“Sai dai akwai haɗari, Baba. Shi koren nan, muddin yana ɗaure a wurin aikinsa, bawan Allah ne. Da zarar an kwance shi, rana ta taɓa shi, sai ya koma ƙona ganyen tun ba a gama kwashe kayan ba. Saboda haka shuka ba ta barinsa sake. Siffarsa kamar zobe take, sai ta fasa zoben, ta bi shi mataki-mataki tana rage masa ƙarfi har ya rasa launi, ta kulle shi a wani lungu. Rawayar da kuke gani kuwa ba sabuwa ba ce. Tana nan tun farko, koren ne ya rufe ta.”

“Hasken fa?” in ji Eugene. “Ya Zainaba, hasken. La'asar tana zuwa.”

“A tsakiyar wannan rushewa akwai wani mataki da gutsattsarin koren ke ba da shuɗin haske idan irin wannan fitila ta same su. A yawancin itatuwa ba sa daɗewa a haka, nan da nan suke wucewa su mutu. Ayaba kuwa tana tara su, a tsohon ganyenta da kuma ɓawonta idan ta nuna. Ta Baba ba ta yi haske ba domin ɗanya ce, ba ta fara rushe korenta ba. Ka dawo idan ta yi rawaya, za ka ga ta fi ta Madam.”

Eugene ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya kama hannun Ba Kashim ya girgiza, ya kama nasa hannun ya girgiza.

“Ke nan tocilata ta tabbatar matata ba ta sa komai ba.”

“A'a,” in ji Zainaba. “Tocilarka ba ta san dafi ba sam. Ayabar da ta nuna da kanta za ta yi haske, wadda aka tilasta wa nuna ma tana iya yi. Abin da take gaya maka kawai shi ne kore ya tafi. Ba ta wanke kowa, ba ta kama kowa.”

Wannan magana ta tsayar da shi. A cikin kansa ya hango layin mutanen da suka sayi tocilar tona dafi tun safe, ya hango su suna dawowa a layi ɗaya. Domin ya ceci rumfar, dole ne ya tsaya gaban kasuwa ya rushe mafi kyawun tallar da ya taɓa yi a rayuwarsa. Ya yi jimamin wannan rashi na ɗan lokaci, kamar yadda ya dace, sannan ya tuna da fuskar Felicitas, jimamin ya gajarta.

“Ba Kashim, ka ara mini ganyen nan.”

Dattijon ya yanke shi da wuƙarsa, ya ce ba zai bari a kai ganyen gidansa gaban shari'a ba tare da shi ba. Zainaba kuma ta ce ko an hana ta sai ta je. Haka suka cika keke su uku, ganyen ya fi keken tsawo, rabinsa yana waje yana kaɗawa, masu babura suna kauce masa suna tambaya ko biki ake yi.

Sun tarar an idar da la'asar, kwamiti ya zauna a kan benci gaban rumfar da aka rufe, rabin kasuwa kuma ta kewaye su. Felicitas tana zaune a kan kujerarta, ta sa gyalenta na zuwa coci, alamar cewa idan za a kore ta, a kore ta da mutuncinta. Siton ba zai ɗauki kwamiti duka ba, saboda haka Eugene ya aro tampol daga masu albasa. Sai da aka ɗan yi muhawara a kan ko ya dace dattawa su shiga ƙarƙashin tampol kamar buhunan masara. Son gani ya rinjayi girma. Suka tattare manyan riguna suka shiga ɗaya bayan ɗaya, matasa suka danne gefuna.

“Kafin in kunna,” in ji Eugene a cikin duhun, da ƙarfi yadda na waje za su ji, “maganar da na yi da safe cewa tocilar nan tana nuna dafi, ni na ƙirƙire ta. Kamfani bai faɗa ba, likita bai faɗa ba. Bakina ne ya riga kaina.”

“Wannan ba sabon labari ba ne,” in ji muryar Felicitas daga waje. Kasuwa ta fashe da dariya.

Ya haska ganyen. Rabi shuɗi, rabi duhu, iyakar tana bin daidai inda rawaya ta haɗu da kore. Dattawan suka yi ta salati ƙasa-ƙasa. Zainaba, daga bakin tampol, ta maimaita bayaninta a taƙaice, har da gidan haya da fasa zobe. Wani dattijo ya roƙi a ba shi tocilar ya riƙe da kansa, na kusa da shi ya ce ai shi ya riga shi tambaya.

“Ni dai ina da magana,” in ji Ajimi, wanda ya kutsa ciki ba tare da yana kwamiti ba. “Wa ya san abin da aka shafa wa ganyen a hanya?”

“Ni na yanke shi, a kan cinyata ya zo,” in ji Ba Kashim. “Yaro, kana cewa na shafa wa ganye guba ne domin in taimaki mai sayar mini da ƙwan lantarki?”

Ajimi ya ce ba haka yake nufi ba, amma bai janye ba. Aka fara gunaguni, wasu na ganin tambayar tana da kan gado. A nan ne Felicitas ta tashi ta matso bakin tampol.

“Alhaji, ina da roƙo. Kullum kana gaya mana ayabar lambunka ta Konduga a kan uwarta take nuna, ba ta san buhu ba ma. Yau da safe na ga an sauke maka ita, a naɗe cikin ganyenta. Duk kasuwar nan babu wanda zai zarge ka. A kawo ta a haska.”

Alhaji Madu ya shafe shekaru yana gina sunan wannan lambu, bai taɓa zaton za a kira lambun shaida ba. Ƙin yarda kuwa a gaban jama'a ya fi kowane haske tona asiri. Ya yi gyaran murya ya ce a je a ɗauko.

Aka shigo da kai guda, rawaya jawur, da busasshen gefen ganye a jikinsa. Eugene ya miƙa wa Alhaji tocilar domin ya danna da hannunsa. Ayabar Konduga ta haskaka tampol ɗin har ana ganin gemun dattawa, ganyen da aka naɗo ta da shi yana taya ta.

“Ta fi ta Madam haske,” in ji wani daga cikin kwamiti.

“Dole ta fi,” in ji Alhaji Madu bayan ɗan tunani. “Ƙasar Konduga ce.”

Suka fito jiƙe da gumi, suna gyara huluna. Alhaji ya tsaya ya yanke hukunci cikin muryar da yake ajiyewa domin irin wannan rana. Ya ce babu wanda ya kawo ƙarar Maman Kambili sai fitila, fitilar kuma ta tabbata ba ta san abin da take faɗa ba, kamar mai ita. Idan za a binne ayaba saboda haske, to da tasa za a fara, shi kuma bai shirya ba. A buɗe rumfa. Ya ƙara da cewa katangar buhun da ke tsakaninta da mai kankana tana nan inda take.

Kafin magariba mutane suka yi layi a shagon Eugene suna mayar da tocila. Ba duka ba: masu kwana a tsakar gida sun riƙe nasu, domin kunama dai ba ta daina haske ba, Zainaba kuma ta kwashi wasu domin ɗalibanta, ta ce ranar Litinin za ta rufe tagogin aji. Mutumin da ya yi tambaya game da miya ne ya fi kowa ɓacin rai. A tsallaken layi kuwa rumfar Felicitas ta cika, yara suna jan iyayensu suna cewa a saya musu ayaba mai haske.

Eugene ya tsallaka yana murza hannu, idanunsa sun riga sun ɗauki ƙyallin da duk layin ya sani.

“Mama, na yi wani tunani. Tocilar gane nunanniyar ayaba. Mu haɗa, duk wanda ya sayi kai biyu...”

“Baban Kambili,” in ji ta, ba ta ko ɗago daga ayabar da take yanka wa wata mata ba, “wanda bai iya gane nunanniyar ayaba da rana tsaka ba, ba tocila yake buƙata ba. Ka je ka fitar mini da kunamarka daga sito.”

Ya je ya fitar da ita. Amma da ya zo ɗaukar ganyen Ba Kashim domin ya yar, sai ya tarar Felicitas ta riga ta rataye shi a ƙusa a can cikin siton, inda ya fi duhu, ɗaya daga cikin tocilolinsa kuma tana ajiye a kan katako kusa da shi. Bai tambaye ta ba. Ya ja ƙofa a hankali daga ciki, ya toshe ƙasanta da tsumma, ya danna maɓalli domin ya ga ko iyakar shuɗin ta ƙara matsawa tun rana.